Inda Na Ƙarshe Ke Fara Zaɓe



A Amurka akwai gasar ƙwallo mai suna NFL, kuma tana da wata doka da ban taɓa jin irinta ba a ƙwallon da muka sani. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a bana, ita ce za ta fara ɗaukar wanda take so cikin sababbin 'yan wasa. Wadda ta ci kofi kuwa sai ta jira kowa ya zaɓa. Wannan zaɓe shi suke kira diraf. Tun 1936 aka fara shi, yanzu kuma duk watan Afrilu ake yi. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7 ake yi, ana ɗaukar samari fiye da 250, kusan dukkansu daga jami'o'i. Kowa da lambar da aka ɗauke shi, kuma lambar nan tana binsa har ya tsufa.

Na san wani zai ce ai wannan ba ƙwallo ba ce. To, ban musa ba. Ƙwallon tasu kamar gwanda take, da hannu ake jefa ta, 'yan wasan kuma suna sa hular kwano suna karo kamar raguna. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, kamar tamu. A wayar yayana nake kallon guntayen wasanninsu idan data ba ta ƙare ba. Wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl yana farawa ne bayan sha biyun dare a agogonmu, washegari kuma Litinin, don haka sai da safe nake jin sakamako. Umma ba ta wasa da maganar barci.

Ƙungiyata ita ce Kansas City Chiefs, masu jar riga. Wani attajiri mai suna Lamar Hunt ne ya kafa ta a 1960 a birnin Dallas, sannan ya mayar da ita Kansas City a jihar Missouri a 1963. Idan 'yan ajinmu suka tambaye ni, "Kai ɗan Madrid ne ko ɗan Manchester?" na ce Kansas, sai su yi ta dariya. Ba komai.

A kakar 2012 Chiefs ta ci wasa 2 kacal, aka doke ta sau 14. Saboda haka a 2013 ita ce ta fara zaɓe. Ta ɗauki Eric Fisher, wani ƙato wanda aikinsa tare mutane don kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Ya yi musu shekara 8 bai ba su kunya ba. Amma yau idan ana maganar zaɓen 2013, ba sunansa ake fara kira ba. Travis Kelce ake kira, mai cafe ƙwallo, wanda sai a zagaye na uku aka ɗauke shi, a lamba 63. Mutum 62 aka fifita a kansa. Daga 2016 zuwa 2022, shekara 7 a jere, duk kaka sai ya haura yadi 1,000 da ƙwallon da ya cafe, kuma babu mai buga matsayinsa da ya taɓa yin haka kafin shi.

Akwai wani zaɓe da magoya bayan Chiefs ba sa son a tuna musu, wato na 1983. A lokacin suna neman kwatabak, mai jefa ƙwallo da tsara hari, wanda yake kamar direba a mota. Suna lamba 7, sai suka ɗauki Todd Blackledge. Suka bar Dan Marino yana zaune har sai da Miami ta ɗauke shi a lamba 27. A kakarsa ta biyu Marino ya jefa ƙwallo ta yadi 5,084, shi ne na farko da ya haura 5,000 a gasar. Blackledge kuwa shekara 5 ya yi a Kansas bai zauna daram a matsayin ba. Ni dai ba na yi musu dariya sosai, domin Blackledge ya fito ne daga jami'ar Penn State wadda ta zama zakarar jami'o'i a 1982, kuma shi ne direbanta. Da ni ne a wurin, wataƙila shi zan nuna. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shekara 34 Chiefs ba ta sake ɗaukar kwatabak a zagayen farko ba.

Sai a 2017 suka yi ta maza. A shekarar lambarsu 27 ce (irin ta Marino, kun ga ikon Allah), kuma sun san wanda suke so ba zai kai nan ba. A diraf ana iya musayar lamba kamar yadda ake musayar kaya a kasuwa. Suka ba ƙungiyar Buffalo lamba 27 ɗin, suka ƙara mata da ta zagaye na uku, suka kuma ƙara da lambarsu ta zagayen farko ta 2018. Lamba uku a kan ɗaya! Da lamba 10 da suka karɓa suka ɗauki Patrick Mahomes na jami'ar Texas Tech, wanda wasu masu sharhi ke cewa yana jifan ganganci. Abin da ya ba ni mamaki, bayan duk wannan tsada, kocinsu Andy Reid ya ajiye shi a benci. Wasa ɗaya kawai ya buga a kakar farko, sauran duk kallo yake yana koyo. A 2018 da aka sake shi, sau 50 ya jefa ƙwallon da aka ci maki da ita, aka ba shi gwarzon shekara. A watan Fabrairun 2020 Chiefs ta ɗauki kofi, shekara 50 bayan na farko da ta ci a 1970. Ta sake ci a 2023 da 2024. A 2025 Philadelphia ta lallasa mu 40 da 22, wannan kuma ba zan tsaya a kansa ba.

Amma ba don Mahomes na zaɓi Chiefs ba. Saboda Christian Okoye ne, ɗan Najeriya, haifaffen Inugu a 1961. Shi asalinsa mai jifan faifai ne, kuma wasannin guje-guje da jefe-jefe ne suka kai shi jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya. Ya so ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984, amma ba a sa sunansa ba. Ku lura da wannan. Mutumin nan ba ma na ƙarshe aka zaɓe shi ba, ba a zaɓe shi ba kwata-kwata. A shekarar ne ya fara buga ƙwallon Amurka, yana ɗan shekara 23, alhali abokan wasansa tun suna kamar mu suka fara. Shekara uku bayan haka, a 1987, Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, lamba 35, daga jami'ar da ba ta yi suna a ƙwallo ba. Aikinsa shi ne ya rungume ƙwallo ya ruga da ita. Nauyinsa ya haura kilo 110, ga shi da gudu, sai ka ga mutum biyu ko uku sun rataye a jikinsa yana tafiya da su. Har laƙabi suka yi masa, Nigerian Nightmare, ma'ana mugun mafarkin da ya zo daga Najeriya. A 1989 ya ruga yadi 1,480, ya fi kowa a gasar baki ɗaya. Hotunan wasanninsa sun tsufa, duk dishi-dishi, amma na kalle su ya fi sau goma. A 2023 ma Chiefs ta ɗauki Felix Anudike-Uzomah a zagayen farko, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi kuma a Kansas City ɗin aka haife shi.

Mu ma muna da namu diraf a nan, kullum lokacin tara. Kyaftin biyu su tsaya, mu jeru, su yi ta nuna mutane. Ni gajere ne, kuma kusan kullum ina cikin biyun ƙarshe. Wani lokaci ma ba a kiran sunana, sai dai a ce, "Kai, je ka tsare gida." Wanda bai taɓa tsayawa a layin nan yana kallon ana kwashe kowa ba, bai san tsawon minti biyu ba. Shi ya sa na haddace lambar Isiah Pacheco. A 2022 mutum 262 aka ɗauka, shi ne na 251, a zagaye na bakwai. Kafin shekara ta zagayo ya ci maki a Super Bowl, ranar da Chiefs ta doke Philadelphia 38 da 35.

Akwai abu ɗaya da bai kwanta mini ba a tsarin. Ɗan wasa ba shi ke zaɓar inda zai je ba. Idan ka fi kowa iyawa a jami'a, ladanka shi ne a tura ka ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa. John Elway, wanda aka fara ɗauka a 1983, ya ƙi zuwa Baltimore har sai da aka mayar da shi Denver, amma ba kowa ke da ƙarfin yin haka ba. Duk da haka na fi son sa a kan tsarin Turai, inda mai kuɗi ke saye duk wanda ya iya.

Don haka ina da roƙo ga malamin wasanni da kyaftin-kyaftin ɗinmu. A halin yanzu wanda ya ci jiya shi ke fara zaɓe yau, wai hakkinsa ne, shi ya sa ɓangare ɗaya ke ta cin mu tun farkon zango. A gwada juya abin na mako biyu kawai: wanda aka doke jiya ya fara, kuma idan an zo zagaye na biyu shi zai sake farawa. Ni zan riƙe littafi in rubuta lambar kowa da ƙwallayen da ya ci, in kawo sakamakon a liƙa a wannan allo kafin jarrabawa.