Wasiƙa Daga Birni

Uwata,

Ya karatu, ya zafin Yamai? A waya kullum "da sauƙi" nake ce miki, don ɗakin ba ya rabuwa da 'yan dubiya, kuma akwai maganar da bakina ba zai iya yi da ke ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Nonon hagu suka cire gaba ɗaya, har da kaluluwar hammata, don ta nan ciwon dajin ke fara bi in zai yaɗu. Na dawo gida da 'yar roba a gefen ƙirji tana zuƙe ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata. Kowace safiya goggonki ta juye, ta auna, ta rubuta. Da ruwan ya ja baya suka zare ta. Ɗinki ya kama, alhamdulillahi, babu zazzaɓi, babu ruwa mai wari. Sai dai hammata da cikin dantse, in na taɓa ba na jin nawa ne. Likita ya ce jijiyoyi aka taɓa, sai a hankali.

Aikina yanzu shi ne bango. Ina fuskantarsa, in ɗora yatsu, in riƙa hawa da su kamar ƙadangare har inda zafi ya tsayar da ni, ƙanenki ya ja layi da gawayi. Layin yana ta yin sama. Akwai ranar da nake yi ina hawaye, amma ba na fashi, don kada kafaɗa ta sandare: a na'urar gashin da za a yi mini sai mutum ya kwanta hannu ɗage bisa kai. An hana ni daka, an hana ni ɗaukar bokiti. Kin san Damagaram da ruwa: famfo ya zo tsakar dare, ina kwance ina jin yara suna tara, ni ko tashi babu dama. Wannan ya fi ɗinkin ci mini rai. Hannun nan kuma ba allura, ba awon jini, in kiyaye shi daga ƙuna da yanka, don yana iya kumbura ko bayan shekaru.

'Yan dubiya, Allah ya saka musu. Daga Birni har Zango an zo, kowa da furarsa, kowa kuma da maganinsa. Addu'a na karɓa hannu bibbiyu, amma ba saiwa ba garin da zai hau kan ɗinkin nan. Wata ta jira har kowa ya watse, ta ja labule, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Ƙullutu ne, tun damina take ɓoyonsa. Washegari goggonki ta raka ta Babban Asibitin Zinder. Ke ma ki ji ni: kowane wata, in kin yi wanka bayan al'ada, ki shafa ko'ina har hammata. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma likita ke faɗin haka, ba kunya ba.

Na ji kin ce za ki bar jarrabawa ki taho. Ban yarda ba. Ni ce zan zo. Tun 2021 ake yin gashin nan a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai; kafin nan sai mai halin fita ƙasar waje. Kusan kilomita 900 ce tsakaninmu, kuma zama ne na makonni, kullum a je asibiti a dawo. A can nake bukatarki.

Ga abin da na kasa faɗa a waya. Tabon nan ba wanda ya gan shi sai goggonki da babanki. In na zo ke za ki riƙa taya ni wanka, kuma ina so ki dube shi sosai, kada ki kau da kai. In kuka ya zo, mu yi tare, sannan ki miƙo mini soso. Nonon da kika sha ne, kina da haƙƙin sanin yadda aka rabu da shi.

Ki fara cigiyar ɗaki kusa da asibitin, mai banɗaki a ciki. Ki nemo mini riguna masu maɓalli a gaba, na auduga, don masu shiga ta kai suna ba ni wuya. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Mahaifiyarki