Dangwalen yatsan Kaka da garkar bakin Komadugu

Cikin abubuwan da tashin hankalin 2015 ya bar wa jihar Difa akwai wanda ba a cika zancensa ba, wato takardun wakilci, waɗanda ƴan boko ke ce wa procuration. Bayan harin da aka kai wa Boso da Difa ranar 6 ga watan Fabrairu na wannan shekara, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa moto, aka hana fataucin tattasai da kifi, aka tsananta kan taki da man inji. Ƙauyuka da dama na bakin Komadugu suka watse, wasu mutane suka kafa bukkoki a gefen hanyar ƙasa mai lamba 1, wasu suka shigo gari wurin dangi. Tsoho ba ya iya kai-da-kawo cikin irin wannan hali, tilas ya wakilta mai sauran ƙarfi.

Kakana, mahaifin babana, yana cikin waɗannan tsofaffi. Garkarsa ta tattasai tana ƙasar Geskeru, a gefen kogi. A 2016 ya dangwala yatsa kan wata takarda da aka rubuta da Faransanci, harshen da bai taɓa karantawa ba, ya ba ɗan baffana, wanda muke kira Yaya, ikon kula da garkar. Aka buga hatimi, kowa ya ce madalla. Dole kuma in faɗi gaskiya: a shekarun nan Yaya ne ya riƙa sayar da ransa yana zuwa duba ta, mu kuwa muna gari.

A watan Oktoba na 2017 aka ɗage hanin fataucin tattasai, garake suka fara dawo da darajarsu. Kaka kuwa hankalinsa ya soma ja da baya. Yakan tambayi mutanen da suka daɗe a kabari, yakan kira ni da sunan mahaifina. Muna cikin haka muka ji daga bakin wani maƙwabci cewa an jinginar da garkar ga wani ɗan kasuwa. Nawa aka karɓa, har zuwa yaushe, ba wanda ya sani sai Yaya. Alhali kuɗin maganin tsohon, Gwaggo ce ke haɗa shi da cinikin ƙosai.

Tun da ni ne wanda aka kai lekwal, ni aka ɗora wa binciken doka. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa bai bar maganar a duhu ba. Aya ta 2004 ta ce wanda ya ba da wakilci yana iya janye shi duk lokacin da ya ga dama. Aya ta 2003 ta ce wakilci yana faɗuwa idan mai shi ya rasu, ko kuma idan alƙali ya yanke cewa ba ya iya riƙon dukiyarsa. A takarda abu ne mai sauƙi. A gida kuwa nan ne ƙullin yake.

Domin janye wakilci sai da hankali. In Kaka yana cikin hayyacinsa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. In ba ya ciki, sai wani daga zuriyarsa ya ɗauki takardar likita, ya tsaya gaban alƙali ya bayyana cewa tsohon nan ya rasa tunani. A gidajenmu ba a faɗin haka. "Tsufa ne" ake cewa, a sauke murya. Ranar da na kawo shawarar, Gwaggo ta dube ni ta ce: "Ɗana, za ka tsaya gaban baƙi ka tona asirin wanda ya haifi ubanka?" Na ce: "Gwaggo, asirin garkar fa?" Ba ta amsa ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Wannan kunyar tamu ita ce garkuwar mai riƙe da takarda, ko ya yi nufin haka ko bai yi ba. Da bulama ya tara mu domin sulhu, kamar yadda aka saba a rigimar gona kafin a kai ga alƙali, Yaya ya zauna kusa da tsohon ya ce: "Kaka, ba kai ka ba ni ba?" Kaka ya ce: "Ni ne." Dattawa suka gyaɗa kai. Na tabbata da ni ne na zauna a wurin nan na tambaye shi ko ya fasa, "na fasa" zai ce. Mutumin da ya kai wannan matsayi yana amsa wa wanda ya fi kusa da kunnensa ne, sa'an nan a ɗauki amsar a matsayin hukunci.

Saboda haka muka bi wata ƙofar. Aya ta 1993 ta wajabta wa kowane wakili ya ba da lissafin abin da ya yi da abin da ya karɓa. Aya ta 1988 kuma ta ce wakilcin da aka rubuta a dunƙule bai wuce kulawa ba. Sayarwa ko ɗora bashi kan dukiyar sai an ambace su ƙarara, takardar Kaka kuwa ba ta ambace su ba. Har ila yau ba a rubuta jinginar a hukumar filaye ba, irin waɗanda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanada domin irin wannan ciniki. Limamin unguwarmu, wanda bai san ko aya ɗaya cikin waɗannan ba, abu guda ya faɗa: wakili amini ne, amini kuwa ana tambayarsa. Neman lissafi bai bukaci a kira kowa ɓarawo ba, bai kuma bukaci a kira kowa mahaukaci ba.

Yaya ya ɗauki abin da zafi. Ya ce lokacin da harsashi ke tashi ba wanda ya nemi lissafi, maganar da ba ni da abin musanta ta. Ina ganin ya cancanci lada kan wahalarsa, a fili, da sanin kowa. Amma takardar da aka yi domin kwanakin gudu ba ta da ranar ƙarewa, kuma wannan bai mai da ita gado ba tun mai garkar yana numfashi.

Sulhu bai yiwu ba, bulama ya sa an rubuta haka. Yanzu magana tana gaban alƙali, wanda zai zauna tare da masana al'ada. Gwaggo ta yarda ta ba da shaida kan lissafi, takardar likita kuwa ta ce sai bayan ranta. Ɗan kasuwar ya riga ya dasa tattasan bana.