Ƙwanjin allura, hanta ce ke biyan kuɗinsa

'Yan uwa masu ɗaga ƙarfe a bayan hostel, yau da ku nake. Ni ma ina cikinku, tun aji ɗaya nake ɗaga bokitin siminti a nan Ibadan. Amma abin da ya shigo mana bana ya fara ba ni tsoro. Yaro ya zo siriri, wata biyu ka ga kafaɗa ta cika riga, ka tambaya a ce maka "ai Deca ce" ko "Sustanon ce".

Bayokemistiri nake karanta, bari in faɗa muku abin da ke faruwa a ciki. Duk lokacin da jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin, yana fitar da wasu ƙwayoyi masu ɓarna da ke cin kitse, furotin, har da DNA. Kamar tsatsa ce a jikin ƙarfe. Motsa jiki yana ƙara su na ɗan lokaci, amma wannan ƙarin ne ke sa jiki ya ƙara sarrafa masu gadinsa, irin su katalas da gulutatayon. Shi ya sa mai atisaye daidai kima yake ƙara lafiya.

Sitiroyid mai yawa kuwa juya lissafin yake. Tsatsar ta ƙaru, masu gadin su kasa. A gwaje-gwajen da aka yi wa ɓeraye, nandrolone, wato Deca ɗin nan, ya rage kariyar da atisaye ke ba zuciya. Ka sha wuya a banza kenan. Naman zuciya ya yi kauri, kitse mai amfani a jini ya sauka, masu haɗiyar ƙwaya kuma hantarsu ta jigata.

Akwai wani ɗan ɗakinmu da ya zo min a ɓoye, nononsa ya kumbura, kuraje sun cika bayansa. Da na ce masa allurar tana rage maniyyi har ta ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, shiru ya yi. Ko aure bai yi ba fa.

Ben Johnson ma, a gasar Olamfik ta 1988, sitiroyid ne ya raba shi da zinarensa.

Don Allah malam, ci wake da ƙwai, yi barci sosai, ƙara nauyi a hankali. In ka riga ka fara, je asibitin makaranta a duba maka hanta da hawan jini, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha. Ka tura wa wanda ka san yana yi.