Wutar Garejin Baba

Duk wanda ya tashi a gidan ɗan kasuwa ya san cewa gini a wurinmu ba ya ƙarewa. Idan ciniki ya yi kyau sai a ƙara ɗaki, in ya ƙara kyau a ƙara shago. Haka gidanmu na Agege ya girma, ɗaki bayan ɗaki, har bana Baba ya gina gareji a jikin katanga. Sunansa dai gareji, amma ban da mota za a sa firiza, da injin jawo ruwa, da buhunan kaya idan shago ya cika.

Da aka zo maganar wuta, shawarar Baba gajeriya ce: a huda bango a jawo waya daga soket ɗin falo, shi ke nan. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a bari mai wayarin ya gani tukuna." Ya ce, "Kai yaro, wutar da muke gani sau nawa a rana ce za a kashe wa kuɗi?"

Mai karatu, a nan lissafin yake. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket irin namu mai baki uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya ya kai wat 750, kuma a lokacin tashi yana jan ninkin haka. Firiza ma haka take. Ka haɗa su da talabijin da dutsen guga da ke kan layin falon tun asali, sai waya ta riƙa zafi a cikin bango inda ido ba ya gani. Rigarta ta roba ta bushe, ta tsage, wata rana a ce gobara daga Allah.

Mai wayarin ɗinmu Bayarabe ne, dattijo, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Ya duba ya ce, "Alhaji, garejin nan akwatinsa zai samu daban." Ga yadda ya yi, ina tsaye ina miƙa masa kaya.

Da farko ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya kuma sa abin gwaji ya tabbatar, domin a ƙasar nan rashin wuta ba ya nufin ba za a kawo ta yanzu ba. Sai ya sa bireka mai amfiya 32 a babban akwatin gida, bayan mita kuma bayan makunnin da ke sauya mu zuwa janareto. Ta haka duk abin da gareji ya sha yana cikin lissafin mita, kuma wutar janareto ba za ta koma kan layin titi ta kama wani ma'aikaci a kan falwaya ba. Daga nan ya ja waya mai kaurin milimita 6 a cikin bututun roba, kimanin taku talatin, zuwa ƙaramin akwati a bangon gareji.

A cikin akwatin ya raba layi uku. Fitilu waya 1.5 da bireka 10, soket waya 2.5 da bireka 20, injin ruwa kuma layinsa shi kaɗai. A gabansu duka ya sa makunnin nan da ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa, mai lamba 30. Baƙar waya da koriyar wayar ƙasa kuwa kowacce ya ba ta mahaɗarta, bai gama su ba. Abin da ya fi zauna mini shi ne da ya ce aikin bireka kare waya ne, saboda haka dole ta gaji kafin waya ta gaji. Wanda ya ga bireka tana yawan faɗuwa ya sa babba ba tare da ya sauya waya ba, ya kori mai gadi ne don yana tashinsa daga barci.

Wayar ma sai da ya kankare bakinta da wuƙa a gaban Baba, domin akwai wadda ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a sama. A nan Baba ya saki fuska, don wannan yaren ya sani: arha ba ta ado.

Amma hujjar da ta sa ya biya kuɗin ba ta lissafi ba ce. Gidanmu bango ɗaya ne da na maƙwabta, shekara talatin muna gaisawa, muna kai musu naman layya, suna kawo mana na bikinsu. Wuta ba ta san katanga ba. Kuma mu da ke zaune a Kurmi mun san idan abu ya faru a gidan mutum ɗaya, ba sunansa ake kira ba, sunan mutanensa duka ake kira. Zaman lafiyar da iyayenmu suka tara da haƙuri bai kamata a jingina shi a kan siririyar waya ba.

'Yan uwa masu ƙara gini a Sabon Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal, ku ware kuɗin wayarin tun ranar da kuka ware na siminti, kuma ku nemi wanda ya koyi aikin da gaske. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu da maƙwabtanmu, amin.