Kaskar Garin Lyme

Daga New York jirgin ƙasa na hau zuwa New Haven, tafiyar kusan awa biyu. Can mai masaukina ya tarbe ni da mota, muka bi gaɓar teku, muka haye kogin Connecticut, sai ga mu a Old Lyme. Gari ne shiru, ko'ina itatuwa, barewa na ƙetare titi hankali kwance.

Da safe zan fita yawo, ya tare ni a bakin ƙofa: "Malam, cusa ƙafar wandonka cikin safa, akwai kaska." Na yi dariya. Ai tun ina yaro nake cire wa shanun kakana kaska da hannu. Ashe tasu ba irin tamu ba ce mai kumbura kamar gujiya. Ƙaramarsu ba ta kai ƙwayar riɗi ba. A wannan yankin ne a 1975 yara suka riƙa fama da kumburin gwiwa, likitocin Jami'ar Yale suka bi diddigi, cutar ta ɗauki sunan garin. Sai a 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar da ya gano a cikin kaska.

Ban cusa wandon ba. Bayan kwana biyu na gan ta a bayan gwiwata, ta lafe, raɓi mai jini.

A asibiti likita ta zare ta da hantsaki, ta ba ni maganin doxycycline sha ɗaya don rigakafi, tunda ba a wuce kwana uku ba. Na tambaye ta, wanda cutar ta kama, in ya sha magani da wuri, ya tsira ke nan? Ta ce mafi yawa suna warkewa sarai da maganin kwana 10 zuwa 14. Wanda ya yi sakaci kuwa, cutar kan kai ga gwiwa, ko zuciya, ko ta karkatar masa da baki. Amma ko cikin masu hanzarin, akwai 'yan kaɗan da gajiya da ciwon jiki kan bi har watanni.

Sannan ta kalli hannuna. Alamar farko jan da'ira ce a fata, ta ce, amma a fata irin tamu takan fito kamar tabo kawai, shi ya sa akan makara wajen gano cutar a jikin baƙar fata. Zazzaɓin cutar kuma, da ya zo mini a Kano, ai maganin maleriya zan saya.

In Allah ya kawo ka nan, ka taho da doguwar safa, fara.