Sai Da Na Je Ikko Na San Zariya

Yau kaina zan tona wa asiri, ko Allah Ya sa wata ta tsira daga kuskuren da na yi.

Ina da yarinya, ba zan kama sunanta ba, kun san 'yar fari ce. Tun tana firamare ba ta da aiki sai zane. Bayan littafi zane, bangon kicin zane, ko gawayi ta samu sai ta zana wani abu. Da ta gama sakandare ta ce zane za ta karanta a jami'a. Na ce ba a gidan nan ba, 'ya'yan mutane na karatun likita ke kina zancen fenti? Ranar na kwashe takardunta na hura wuta da su. Ba ta ce uffan ba, amma wata guda ban ji dariyarta ba.

Ana haka ƙanwar maigidana ta haihu a Ikko, na tafi suna. Kafin na dawo mijinta ya ce sai ya kai mu yawo. Ni na zaci kasuwa za mu, sai ga mu a Lekki, gaban wani farin bene mai suna Nike Art Gallery. Wallahi 'yar uwa tun daga ƙofa na saki baki. Hawa bayan hawa duk zane ne da rini da saƙa da aikin duwatsun ado. Wasu ban gane kansu ba sam, wasu kuwa kamar an kwaso su daga zanen gadon aurena. Mai gidan mace ce, Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ta Jihar Kogi, kuma a gida wurin tsofaffinta ta koyi saƙa da rini.

Wani saurayi da ke zagayawa da mu ya ce, "Hajiya daga ina?" Na ce Tudun Wadar Zariya. Sai ya washe baki ya ce ai daga tushe na fito. Ni ko na yi tsuru-tsuru. A bakinsa na fara jin cewa a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiyar masu zane. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Sun ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kawai ba, sai sun haɗa da adon iyaye da kakanni. Har 'yan tawayen Zariya ake kiransu. Kunya ta kama ni. Daga ƙofar gidana zuwa Samaru mota ɗaya ce, amma sai a bakin teku aka ba ni labarin garinmu.

A hanyar dawowa na fito da naira ashirin zan sayi ruwa, na tsaya ina kallon matar da ke bayanta. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. Jami'ar nan tamu ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sai na tuna innata da zanen ƙwarya, da dagin da ke jikin gidajen cikin birni, da lallen da ni kaina nake biyan kuɗi a zana mini. Ashe abin da na ƙona gadon gida ne.

Na san abin da ke ran wasunku, nima shi ne a raina: zancen surar mai rai. Wannan a tambayi malamai. Amma zane ba a nan ya ƙare ba, akwai fannin tufafi da tukwane da tsara littattafai.

Da na iso gida na sayo takardu da fensira na ajiye a kan gadonta. Na ce, "Ki yafe mini." Ta ce, "Haba Umma," sai hawaye. Abin da wuta ta ci dai ba ya dawowa. Don haka 'yar uwa, kafin ki hana ɗanki abu, tashi ki je ki gani tukuna. Allah Ya sa mu dace, amin.