Rotorua: garin da tukunya ke ƙarƙashin ƙasa

Wanda ya sauka filin jirgin saman Okland da jaka goye a baya, ƴan duwan ba za su fara da tambayar kuɗinsa ba. Takalminsa za su juya su duba ko akwai ƙasa maƙale a ciki, su warware tantinsa, su tambaye shi abin da ya riƙo na ci. Mai ƙunshin kilishi sai ya bayyana shi, kuma da wuya ya wuce da shi, domin ƙasar Niyu Zilan, wadda littattafan lekwal ke kira Nouvelle-Zélande, tana tsaron dabbobinta da itatuwanta daga cutar waje kamar yadda attajiri ke tsaron sito.

Masu goyon jaka yawancinsu samari ne da ƴammata na Turai, Amurka da Asiya, masu tafiyar watanni da guzuri kaɗan. Suna kwana a gidajen baƙi masu araha, mutum shida ko takwas ɗaki guda, kowa ya dafa nasa a madafa ɗaya. A Okland sukan ɗaga kai su kalli hasumiyar Sky Tower mai tsawon mita 328, wadda aka buɗe a 1997, amma mai lissafin aljihu yakan hau tudun Maungawhau, inda ba a biyan ko dala. A ƙolinsa akwai wani wawakeken rami da ciyawa ta lulluɓe, bakin tsohon dutse ne mai aman wuta. Birnin dukansa bisa irin waɗannan duwatsu yake zaune, wajen 50, kuma na baya-bayansu, tsibirin Rangitoto, bai wuce shekara 600 da fitowa daga teku ba.

Daga nan kar takan ɗauki mutum wajen awa huɗu zuwa Rotorua, kilomita 230 kudu maso gabas. Hanci ke riga ido isa. Iskar garin warin baragurbi take, saboda farar wuta da ke fita tare da tururi, har azurfa takan yi baƙi a wuyan mai ita. A lambun Kuirau da ke tsakiyar gari taɓo na tafasa bayan shinge kamar talge a tukunya. Wanda ya taɓa zuwa Tafadek, arewa da Agadas, inda masu sanyin ƙashi ke shiga ruwan zafi, ya ga ɗan ƙaramin misali. Sai dai a nan unguwanni ne sukutum aka gina bisa abin.

A ƙauyen Whakarewarewa, wanda ake furtawa Fakarewarewa, ƴan ƙabilar Maori na zaune tsakanin ramukan tururi. Mace takan sa masara cikin tsumma, ta zura a tafasasshen ruwa, ta jawo ta dafaffiya. Nama kuwa cikin akwatin katako ake ajiye shi bisa bakin rami. Ba itace, ba gawayi, ba hayaƙi. Matattu ma a bisa ƙasa ake gina musu kushewa, don in an haƙa zafi ake tararwa. Wasu daga cikin mazaunan jikokin waɗanda suka tsira ne ranar 10 ga Yuni 1886, sa'ad da dutsen Tarawera ya fashe cikin dare, ya kashe mutum fiye da 100, ya binne ƙauyen Te Wairoa. Daura da ƙauyen ne maɓuɓɓugar Pohutu ke tsartuwa sau da yawa kowace rana, wani lokaci ruwan ya kai mita 30 sama.

Baƙo na ɗaukar hoto ya wuce, bai san da ƙyar wannan ruwa ya tsira ba. Shekara da shekaru mutanen Rotorua na haƙa rijiyoyin burtsatse a bayan gidajensu, masu otel su ma haka, kowa na jan ruwan zafi kyauta don ɗumama ɗaki da wanka. Rijiyoyin sun kai ɗaruruwa, kuma kowa na ganin tasa ce, tun da a filinsa take kuma da kuɗinsa ya haƙa. Alhali tukunyar da ke ƙasa guda ce. Maɓuɓɓugan suka shiga yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Wadda ake kira Papakura ta ƙafe a 1979. Ba kuma a nan aka fara ganin haka ba: a Wairakei, kusa da tabkin Taupo, tashar kuran mai aiki da tururin ƙasa da aka buɗe a 1958 ta kashe maɓuɓɓugan wani kwari baki ɗaya, ba su komo ba.

A 1986 gwamnati ta yanke cewa duk rijiyar da ke cikin kilomita ɗaya da rabi daga Pohutu a toshe ta, sauran kuma a biya musu kuɗi. An yi fushi ƙwarai, kuma fushin ba na banza ba ne, domin wanda ya saba da ɗumi kyauta yanzu takardar kuɗin kuran ce ke jiransa. Duk da haka aka cika rijiyoyi fiye da 100 da siminti. Sannu-sannu ruwan ya komo da ƙarfinsa, har Papakura ta sake motsi bayan shekara 30 da wani abu. Yau tururin ƙasa na ba Niyu Zilan kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutarta, kuma a yawancin tashoshin ana mayar da ruwan ƙasa bayan an ci amfaninsa.

Wajen kilomita 30 kudu da gari akwai Wai-O-Tapu, inda wani tabki kore mai jan baki ke fitar da kumfa, zafinsa ya haura digiri 70. A can ne kuma maɓuɓɓugar Lady Knox take, wadda ba ta saɓa alkawari: ƙarfe 10 da kwata na safe. Dalili, wani ma'aikaci ne ke zuba mata garin sabuni a baki. Ƴan gidan kaso da aka kai aikin daji a farkon ƙarni na 20 su ne suka gano dabarar garin wankin tufafinsu. Jama'a na zama bisa benci suna tafi, amma wanda ya ga Pohutu ta tashi don kanta zai ji an ɗan yi masa wasan kasuwa. Abin da ba wasa a cikinsa shi ne allunan gargaɗi da ke bakin hanya. Ranar 9 ga Disamba 2019 tsibirin Whakaari ya fashe da ƴan yawon buɗe ido a kansa, mutum 22 suka rasa rai.

Hanyar kudu na ƙarewa a Welintan, babban birnin ƙasar tun 1865, garin iska da tuddai. Kusa da majalisa akwai tsohon ginin ma'aikatun gwamnati na 1876, wanda daga nesa za a rantse dutse ne. In an ƙwanƙwasa bangon sai a ji katako. Matafiyi kan kwana biyu ko uku a nan, ya wanke kayansa kafin ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin kudu, kuma ko bayan wankin rigunan ba su rabu da warin Rotorua ba.